Gwaggo Ba Ta Hawaye

Jama'a, a gyara zama, a kife waya. Yau zan gabatar muku da Babbar Kwamandar Takardu, Shugabar Masu Haɗa Shafi da Shafi, wadda littafi ba ya fita daga maɗaba'ar layin baya sai ya bi ta ƙarƙashin yatsunta. Wato Gwaggona. Ita da Babana tagwaye ne, ciki ɗaya, rana ɗaya, hanci ɗaya. Shekara shida suka yi ba su yi wa juna magana ba, kuma abin da ya raba su bai kai cikin cokali ba: hawaye ne.

Idan ka shiga maɗaba'ar, kada ka tsaya wurin Manaja, zai riƙe ka da labarin ciwon bayansa. Ka wuce babban injin da ke tari kamar tsoho, ka wuce wuƙar yankan takarda, ka yi ta tafiya har ƙuryar da babu taga babu fanka. Nan za ka ga dogon tebur da tarin takardu goma sha shida a jere, kowane tari da lambarsa. Gwaggo tana farawa daga ɗaya, ta zari shafi, ta matsa, ta zari na biyu, har ta kai ƙarshe, ta buga su a kan tebur su daidaita, ta ajiye, ta dawo farko. Shekara ashirin da shida tana wannan zirga-zirga. Na ce mata da a miƙe take tafiyar da tuni ta bar ƙasar. Ta ce da ni ma a miƙe nake tafiya da tuni na gama makaranta.

Da can da harshe take jiƙa yatsa kafin ta zari takarda, kamar kowa. Yanzu wani ɗan soso ne a cikin murfin gwangwani. Kusa da shi akwai gorar ruwa, da 'yar kwalbar maganin ɗigawa a ido. Waɗannan ukun su ne abokan hirarta. Sauran ma'aikata suna fita cin abinci tare, ita tana zama, saboda loma ɗaya ta burodi sai ta bi ta da kurɓi uku, kuma ba ta son a riƙa ƙirga mata. Mai Inji ya ce girman kai ne. Manaja ya ce ai haka ya fi, aiki na tafiya.

Ta taɓa yin aure, bai yi tsawo ba, kuma ba ta son maganar. Ɗakinta ɗaya ne a saman shagon masu gyaran taya. Gado, murhu, akwati, kujera ɗaya. Na tambaye ta in baƙo ya zo fa, a ina zai zauna? Ta ce in ya zo za ta yi tunani.

Ga yadda abin ya faru. Kakata, uwarsu, ta yi jinya shekara biyu, kuma Gwaggo ce ta yi ta. Ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke sanin ƙwayar safe da ta yamma. Babana direban bas ne na wani kamfani, yana zuwa ran hutu da leda a hannu, ya zauna bakin gado ya yi kuka, ya tafi. Babana mutum ne mai arhar hawaye. Ya yi kuka ran da na faɗi jarrabawa, ya yi kuka ran da ƙanwata ta ci tata, na taɓa ganin sa yana share ido don an sayar da tsohuwar bas ɗinsa.

Ranar da Kaka ta cika, a barandar asibiti, Baba ya zube ƙasa sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Gwaggo tana zaune a benci, ido a buɗe, ja wur, ko ɗigo babu. Sai ta buɗe gorarta ta kurɓi ruwa. Wata cikin dangi ta taɓa ta kusa da ita ta ce, "Ki duba, ruwa ma take sha." Ni ina nan, na ji da kunnena. A gida mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, kowa ya yi nasa kukan ya face hanci, Gwaggo tana jingine da bango, murya a dishe, amsa ma da kai take yi. Rana ta uku aka neme ta aka rasa. Ta tafi aiki.

Da ta dawo da yamma Baba ya tare ta a bakin ƙofa, gaban kowa. Ya ce, "Wadda ba ta yi wa uwarta kuka ba, ni me zan jira a wurinta?" Ta dube shi, ta shiga ta ɗauki jakarta, ta fita. Daga ranar dangi suka sa mata suna Dutse. Biki ba a gaya mata, rasuwa ma ba a gaya mata, wai me za ta zo ta yi.

Ni ma haka na ɗauke ta, ba zan yi ƙarya ba. Har bara, da na samu aikin kai saƙo a babur, bayan na gwada gyaran waya, da aski, da wani kwas da ban gane kansa ba. Aka tura ni ɗauko kwali a wata maɗaba'a. Ina cikin neman wanda zai sa mini hannu sai na ji murya kamar ana goga takarda da takarda.

"Kai, ɗan Direba."

Na juya. "Gwaggo? Yaya aka yi kika gane ni da hular kwano?"

"Kunnuwan sun fito ta gefe."

Ba ta tambayi kowa ba. Ta sa hannu, ta miƙo mini biro, ta koma tari na ɗaya. Amma na lura da na kai ƙofa ta tsaya da takarda a hannu tana kallon bayana. Shi ya sa na dawo washegari ba tare da an aike ni ba. Na ci gaba da dawowa. Nakan zauna a kan kwali in yi ta zuba, ita tana kai da kawowa, a cikin magana goma ta amsa ɗaya. Gida ban faɗa ba.

Wata safiya na same ta zaune, abin da ban taɓa gani ba. Wuyan hannunta ya kumbura, yatsu sun ƙi lanƙwasawa. Ta ce ranar asibitinta ce, ba za ta iya riƙe ƙarfen bas ba. Na ce ga jirgi a waje, hau kawai.

Ɗakin jiran likitan ya ba ni tsoro. Benci huɗu cike, kuma duk mata. Tsofaffi, 'yan mata, wata da goyo, wata da safar hannu cikin wannan zafi, wata da tabo a kumatu. Namiji ni kaɗai, sai wani dattijo can gefe yana ɓoye fuska a jarida. Na raɗa wa Gwaggo, "Ko wurin awon ciki kika kawo ni?" Ta ce in rufe mata baki. Matan nan sun san juna. Suna gaisawa da sunan ciwo: yaya gwiwa, yaya ƙoda, yaya idon. A nan na fara ganin Gwaggo ta yi wa wani murmushi.

Da aka kira ta na bi ta ciki, don ba wanda ya hana ni. Likitar mace ce, gajera, mai saurin magana. Ta duba hannun, ta rubuta magani, sannan ta ɗauko wasu siraran takardu biyu ta maƙala wa Gwaggo a fatar ido ta ƙasa, ta ce ta rufe ido minti biyar. Na ce wannan kuma na mene ne? Ta ce awon hawaye ne, ana duba iya inda takardar ta jiƙe. Minti biyar ya cika, aka cire. Takardun nan da za ka mayar da su kwali ka sayar, ba wanda zai ce an taɓa amfani da su.

Na ce, "Likita, tun yaushe take haka?"

Likita ta dubi Gwaggo. Gwaggo ta ɗaga kafaɗa, wato faɗa masa. Likita ta buɗe fayil ta ce shekara huɗu da gano ciwon, amma alamun sun fi shekara bakwai. Ni lissafi ne ya kore ni daga makaranta, amma bakwai ta fi shida, wannan kam na sani.

Ta faɗi sunan ciwon, sunan wani likitan ƙasar waje ne, harshena ya ƙi ɗauka. Ta ce garkuwar jiki ce, wato sojojin da ke kashe mana ƙwayoyin cuta, suka juya suna kai wa gidansu hari. A wurin Gwaggo wuraren da ke yin hawaye da yawu suka fara ci, yanzu suna taɓa gaɓoɓi.

Na ce, "To me ya sa waje duk mata ne? Mu sojojinmu sun fi tarbiyya?"

"Naku sun fi barci," in ji ta. Ta jawo takarda ta zana. Ta ce a cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai ƙunshin umarni da ya gada, rabi daga uwa rabi daga uba, ana ce musu kuromosom. Biyu daga ciki su ke raba mace da namiji. Namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya, mace tana da X biyu. A kan X ɗin nan aka rubuta da yawa daga umarnin da sojojin jiki ke bi. Jikin mace ya san biyu sun yi yawa, sai ya naɗe ɗaya ya rufe. Amma rufewar ba ta cika ba, wasu layuka suna leƙowa. Shi ya sa garkuwar mace ta fi saurin tashi. Yana taimakonta wajen yaƙi da cututtuka da yawa, amma wani lokaci tashin ya wuce gona da iri. Ta ce ba shi kaɗai ne dalili ba, akwai sinadaran jikin mace, akwai gado, akwai abin da har yanzu ana bincike. Amma a irin ciwon Gwaggo, cikin goma tara mata ne.

Gwaggo ta leƙa zanen ta ce, "Wato shafi ɗaya aka sa sau biyu, aka manne ɗaya da gam, gam ɗin bai kama ba."

Likita ta yi dariya ta ce za ta ari wannan ta riƙa gaya wa ɗalibanta.

A hanyar dawowa ban yi surutu ba, har Gwaggo ta tambaya ko babur ɗin ne ya cinye mini murya. Da muka hau ɗakinta ta zauna a gado, ni na ɗauki kujerar.

Na ce, "Gwaggo, ranar nan a asibiti, kin yi kuka?"

"Kwana uku ina yi," ta ce. "Ƙirjina yana yi, kafaɗuna suna yi. Ido ne ya ƙi sa hannu. Kamar an zuba mini yashi. A lokacin na ɗauka ƙurar takarda ce da warin tawada."

"To me ya kai ki aiki?"

"Duk wanda ya shigo ba gaisuwa ya zo yi ba, idona ya zo dubawa. Takarda ba ta kallona."

"Da aka gano ciwon fa? Shekara huɗu! Ai da kin aika wa Baba."

Ta kurɓi ruwa. Ta daɗe kafin ta haɗiye.

"In kai masa takardar likita don ya yarda ina son uwata?"

Ni dai ina da babur, kuma na sace zanen likita a aljihu.

Na sami Baba a harabar kamfani yana wanke gilashin bas. Na shimfiɗa zanen a kan bonet, na yi masa lacca irin wadda malamaina ba su taɓa jin na yi ba. X, Y, sojoji, gam, takardar awon hawaye, ban bar komai ba. Ya saurara yana matse tsumma.

Ya ce, "Ka gama, Farfesa?"

"Na gama."

"Ido ya bushe, na ji. Ƙafar fa? Ita ma bushewa ta yi, da ta ɗauke ta zuwa aiki mutane na zaune?"

"Baba, ai kallon da ake mata ne..."

"Ciki ɗaya muka kwanta da ita. Nono ɗaya, kwano ɗaya. Ni ga ni garau. Ciwon ya tsallake ni ya kama ta?"

"Shi ne abin da nake gaya maka! Kai X ɗaya gare ka, ita biyu. Kuma ɗayan naka na Kaka ne, shi ka ba ƙanwata Auta. Ni Y ka ba ni, shi ya sa ban gaji komai ba sai kunne."

Na faɗi haka ne don ya yi dariya. Bai yi ba. Ya watsa ruwan bokiti a taya ya ce in kwashe tarkacena, kuma kada in sake kawo masa maganar matar nan. Na koma na gaya wa Gwaggo an yi nasara rabi. Ta ce wane rabin? Na ce ya saurara. Ta ce ai bas ma tana saurara.

Haka aka yi wata biyar. Ita tana tafiyarta daga ɗaya zuwa goma sha shida, shi yana tafiyarsa daga tasha zuwa tasha.

Sai Auta ta fara. Auta ƙanwata ce, shekararta goma sha tara, ita ce mai ƙwaƙwalwar gidanmu, Baba ba ya haɗa ta da kowa. Wata safiya ta kasa ɓalle maɓallin rigarta. Muka yi mata dariya. Washegari ta kasa riƙe biro sai da rana ta ɗaga. Mama ta ce sanyi ne, ta shafa mata mai. Sati uku ana haka, yatsu suna kumbura da safe suna saki da rana. Na ga Baba yana tsayawa a bakin ƙofar ɗakinta yana kallon hannun, ba ya cewa komai. Ni ma, a karon farko a tarihi, ban ce komai ba.

Ran wata Asabar da hantsi Baba ya fito da rigarsa ta fita unguwa. Ya ce, "Kai, babur ɗinka da mai?"

Bai faɗi inda za mu ba, ni ma ban tambaya ba. Mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa mutane, ga shi a bayana ya riƙe mini riga da hannu biyu kamar zan gudu in bar shi.

Muka wuce Manaja, muka wuce inji, muka wuce wuƙa. Gwaggo tana tari na biyar lokacin da ta gan shi. Ba ta tsaya ba. Ba a tsayawa a tsakiya, in ka tsaya shafi zai ɓace. Ta yi shida, ta yi bakwai, har goma sha shida, ta buga su a tebur, ta ajiye. Sannan ta juyo.

"Direba."

Baba ya dubi soson, ya dubi gorar, ya dubi wuyan hannunta. Ya ce, "Yarinyar ce. Auta. Hannunta."

Na jira in ji ta ce yau ka san hanya. Ni da ni ne da na faɗa, har da kari. Ita kuwa ta goge yatsa a zane ta ce, "Da safe ne?"

"Da safe."

"Hannu ɗaya ko biyu?"

"Biyu."

"Yana kai awa kafin ya saki?"

"Yana fi."

"Bakinta na bushewa? Rana na fito mata da ƙuraje a fuska?"

Ya ce bai sani ba. Ta ce to ya tambaya. Ta ɗauki guntun takarda daga kwandon yanke-yanke, ta rubuta sunan asibitin da lambar ɗaki, da ƙyar, don biro na zame mata. Ta miƙa masa.

"Ranar Talata. Ni zan shiga da ita, na san layin. Kuma kada ka je ka tsorata yarinya da wannan fuskar taka. Ba lallai irin nawa ba ne. In ma shi ne, da wuri aka gani, akwai magani."

Baba ya karɓi takardar. Sai famfo ya ɓalle. Ya dafa teburin da hannu biyu, kafaɗu na rawa, hawaye na sauka ɗis ɗis kusa da tari na tara. Gwaggo ta sa hannu ta janye tarin gefe, ta janye na goma ma. Mai Inji ya rage ƙarar injinsa don ya ji da kyau.

"A lokacin ban sani ba," in ji Baba.

"Ba ka tambaya ba."

Ya share fuska da hannun riga. Ya ce zai dawo, su zauna, akwai magana. Ta ce tana nan, kullum, daga bakwai zuwa biyar. Ya ɗan tsaya kamar zai taɓa kafaɗarta, hannun ya tashi rabi ya koma aljihu. Da muka fito ya ce in bar shi, zai taka da ƙafa.

Na koma ciki. Gwaggo ta juya wa ƙofa baya, ta dafa bango. Kafaɗunta suna yi, kamar yadda ta faɗa. Babu sauti, babu komai a fuskar. Na tsaya nesa ina karanta lambobin kwali har ta gama. Ta ɗiga magani a ido, ta kurɓi ruwa, ta mayar da tari na tara da na goma wurinsu, ta taɓa soso.

Ni dai ba na iya barin wuri ya yi shiru haka. Na buɗe hannuwa na ce, "Gwaggo, ki faɗi gaskiya. Shekara shida dangi kaf sun kasa, manya da ƙanana. Ni, wanda aka ce ba zai zama komai ba, da babur ɗaya da zane ɗaya, na ɗauko miki ɗan'uwanki har gaban teburinki. Ai ya kamata a buga hotona a bangon littafin nan."

Ta zari shafi na ɗaya, ko kallona ba ta yi ba.

"Ba kai ka kawo shi ba, yatsun ƙanwarka ne. Matsa, ka tare mini tari na uku."